Lauyan Jam'iyya: Abin da Reince Priebus Ya Gina da Abin da Ya Sallama

Akwai wata fahimta da ta yi jijiya a tsakanin masu sharhin siyasa, wadda ke cewa shugaban jam'iyya ma'aikaci ne kawai. Aikinsa ya tara kuɗi, ya tsara ofis, ya sasanta masu rikici, ya kai ɗan takara ga nasara. Batun wane ne ɗan takarar, da abin da zai aikata in ya hau mulki, wannan hurumin masu jefa ƙuri'a ne. A kan wannan ake ɗora magana ta biyu, wai tunda aikin na takardu ne da ƙa'idoji da sulhu, babu wanda ya fi lauya dacewa da kujerar.

Wannan fahimta kuskure ce, kuma kuskure mai tsada. Rayuwar Reince Priebus ta isa shaida. Lauya ne da ya shugabanci jam'iyyar Republican a jihar Wisconsin ta Amurka daga 2007 zuwa farkon 2011, ya shugabanci uwar jam'iyyar ta ƙasa shekara shida, sannan ya yi kwana 189 yana shugaban ma'aikatan Fadar White House. In da cin zaɓe ne kaɗai ma'auni, da wuya a samo shugaban jam'iyya a Amurka ta wannan zamani da ya kamo ƙafarsa. Ya karɓi jam'iyya a jihar da take shan kaye, ya bar ta da gwamna da majalisa. Ya karɓi uwar jam'iyya cikin bashi, ya bar ta da shugaban ƙasa da rinjaye a majalisun tarayya biyu. Duk da haka jam'iyyar da ya miƙa a 2017 ta yi hannun riga da wadda shi da kansa ya tsaya gaban 'yan jarida a 2013 ya ce dole a gina. Ba a kayar da shi a wannan gwagwarmaya ba, domin tun farko bai shige ta ba.

Daga Kenosha zuwa kujerar jam'iyya

An haifi Reinhold Richard Priebus ranar 18 ga Maris, 1972 a garin Dover na jihar New Jersey, amma a Wisconsin ya girma, a Kenosha da ke bakin tafkin Michigan, garin masana'antu da 'yan ƙwadago. Mahaifinsa mai aikin wutar lantarki ne. Mahaifiyarsa 'yar asalin Girka ce da aka haifa a Sudan, inda Girkawa suka daɗe suna zaune suna kasuwanci.

Ya yi digirin farko a Jami'ar Wisconsin reshen Whitewater, ya gama a 1994, sannan ya karanta shari'a a Jami'ar Miami, ya kammala a 1998. A shekarar ya shiga kamfanin lauyoyi na Michael Best & Friedrich da ke Milwaukee, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin lauyoyi na jihar, kuma zuwa 2006 ya zama cikin masu kamfanin. Sau ɗaya ya nemi ƙuri'ar talakawa. A 2004 ya tsaya takarar majalisar dattawan jiha, Robert Wirch na jam'iyyar Democrat ya kayar da shi da kashi 52 cikin ɗari a kan 48. Daga nan duk zaɓen da ya ci na cikin zaure ne, inda masu zaɓen 'yan kwamiti ne da za a iya ƙirgawa, a kira kowannensu a waya.

A 2007 aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar na Wisconsin. Mai karatun da ya saba da tsarin Najeriya zai iya ɗora wa kujerar ikon da ba ta da shi. A Najeriya jam'iyya ce ke gudanar da zaɓen fid da gwani, ita ke miƙa sunan ɗan takara ga hukumar zaɓe, saboda haka sa hannun shugabanninta na iya ɗaga mutum ko ya binne shi. A Wisconsin hukumomin jiha ne ke shirya zaɓen fid da gwani, kuma duk mai ƙuri'a na iya shiga ya zaɓi ɗan takarar jam'iyyar da ya ga dama, domin jihar ba ta yi wa masu zaɓe rajista da sunan jam'iyya. Shugaban jam'iyya ba shi da tikitin da zai bayar ko ya hana. Abin da ke hannunsa kuɗi ne, da ma'aikata, da rumbun bayanan masu zaɓe, da muryar da ke magana da sunan jam'iyya. Wanda ya raina waɗannan bai san yadda ake cin zaɓe a Amurka ba.

Nasarar 2010 da abin da aka yi da ita

Jam'iyyar da ya gada tana cikin mawuyacin hali. Gwamna Jim Doyle ɗan Democrat ne, haka sanatocin jihar biyu, Herb Kohl da Russ Feingold. Babban zaɓen farko a zamaninsa, na 2008, ya ƙara dagula lamarin. Barack Obama ya lashe jihar da tazarar kusan kashi 14 cikin ɗari, Democrat kuma ta karɓe majalisar wakilan jiha, ta haɗa da ta dattawa da ke hannunta tun 2006.

Priebus bai yi zaman makoki ba. Da guguwar Tea Party ta taso a 2009, ta masu fushi da haraji da shirin inshorar lafiya na Obama, manyan jam'iyya a wasu jihohi sun ɗauke ta abokiyar gaba, 'yan takararsu suka sha ƙasa a hannunta. Shi kuwa ya buɗe mata ƙofa, ya haɗa ta da tsofaffin masu ba jam'iyya kuɗi a inuwa ɗaya. A Nuwamban 2010 Scott Walker ya zama gwamna. Ron Johnson, ɗan kasuwar robobi daga Oshkosh da bai taɓa riƙe muƙami ba, ya kayar da Feingold bayan shekara 18 a majalisar dattawa. Republican ta karɓe majalisun jihar biyu, ta ƙara kujeru biyu a majalisar wakilai ta tarayya. Shekarar ta Republican ce a faɗin ƙasar, amma jihohi kaɗan ne suka yi irin juyin da Wisconsin ta yi.

Abubuwa biyu aka yi da nasarar, kuma ba ɗaya suke ba. A Fabrairun 2011 Walker ya gabatar da ƙudirin da ya ƙwace wa mafi yawan ma'aikatan gwamnati, har da malaman makaranta, 'yancin tattauna sharuɗɗan aiki ta bakin ƙungiyoyinsu. Dubun-dubatar mutane suka mamaye harabar majalisa a Madison, sanatocin jiha 14 na Democrat suka tsallaka Illinois don hana majalisa cika adadin zama, amma ƙudirin ya zama doka a watan Maris. An yi wa Walker kiranye a Yunin 2012, ya tsallake. Mutum na iya goyon bayan wannan doka ko ya ƙi ta. Ko ba komai a fili aka yi faɗan, kuma masu zaɓe sun sami damar yanke hukunci.

Abu na biyu shi ne taswirar mazaɓu. A Amurka ana sake shata iyakokin mazaɓu duk shekara goma bayan ƙidayar jama'a, kuma a Wisconsin majalisar jiha ce ke yin shatar. Dabarar mai son zuciya sananniya ce. A cusa magoya bayan abokin hamayya cikin 'yan mazaɓu kaɗan, su ci da rinjayen da ya wuce buƙata, sannan a warwatsa ragowarsu cikin mazaɓu da yawa inda ba za su taɓa kaiwa rabi ba. Shugabannin majalisa suka ɗauki kamfanin Michael Best & Friedrich, aka zana taswirar a ofishinsa na Madison, aka sa 'yan majalisar Republican suka sa hannu a takardar riƙe sirri kafin a nuna wa kowa mazaɓarsa. Da aka je kotu, alƙalan tarayya uku sun ci tarar lauyoyin saboda yunƙurin ɓoye takardun aikin.

A zaɓen 2012 'yan takarar Republican sun sami kashi 48.6 cikin ɗari na ƙuri'un majalisar wakilan jiha, suka tashi da kujeru 60 cikin 99. A 2018 Democrat ta lashe kujerar gwamna da duk sauran muƙaman da ake zaɓa a faɗin jiha, ta kuma fi yawan ƙuri'u a zaɓen majalisa, amma kujeru 36 kaɗai ta samu. Wata kotun tarayya ta yanke a 2016 cewa taswirar ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Kotun Ƙolin Amurka ta jingine hukuncin a 2018, a kan cewa masu ƙara ba su tabbatar da hurumin shigar da ita ba, sannan a 2019, a wata shari'a daga North Carolina, ta ce kotunan tarayya ba su da ikon shiga irin wannan rikici. Sai a Disamban 2023 Kotun Ƙolin Wisconsin ta soke taswirar da ta gaji ta 2011. Da aka yi zaɓe da sabuwa a 2024, tazarar majalisar ta koma 54 da 45.

Lokacin da aka zana taswirar Priebus ya riga ya koma Washington, kuma waɗanda shari'a ta nuna sun riƙe alƙalamin hadiman majalisa ne da wani mashawarci. Democrat ma tana irin wannan aika-aika a jihohin da take da iko, kamar Illinois da Maryland. Amma rinjayen da ya ba da damar zanen shi ya gina shi, kamfanin da aka yi aikin a ofishinsa nasa ne, kuma can ya koma a 2017. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne irin tunanin da ya haifi taswirar, tunanin da tambaya ɗaya kawai yake yi: shin doka ta hana? In ba ta hana ba, an gama magana. Wannan tambayar lauya ce, kuma da ita Priebus ya tafi Washington.

Rahoton da ya faɗi gaskiya

A 2009 shi ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Michael Steele, baƙar fata na farko da ya shugabanci uwar jam'iyyar Republican, Steele kuma ya naɗa shi babban lauyan jam'iyya. A Disamban 2010, da masu ba da kuɗi suka juya wa Steele baya, Priebus ya ajiye muƙamin ya fito takara da ubangidansa. Ranar 14 ga Janairu, 2011, a zagaye na bakwai, ya sami ƙuri'a 97 cikin 168. Ya tarar da bashin fiye da dala miliyan 20, ya bi attajirai ɗaya bayan ɗaya har ya farfaɗo da asusun. An sake zaɓensa a 2013 da 2015.

Bayan Mitt Romney ya sha kaye a hannun Obama a 2012, da kashi 27 cikin ɗari kacal na ƙuri'un 'yan asalin Latin Amurka, Priebus ya kafa kwamitin mutum biyar ya binciko dalili. Rahoton ya fito a Maris 2013, kusan shafi ɗari, kuma bai yi wa jam'iyyar kara ba. Ya ce mutane da yawa suna ganinta jam'iyyar tsofaffi marasa tausayi, waɗanda ba su damu da tsiraru da mata da matasa ba. Ya ce dole ta rungumi cikakken gyaran dokar shige da fice, in ba haka ba za ta ci gaba da ƙanƙancewa. Priebus da bakinsa ya gabatar da rahoton, ya kuma yi alkawarin kashe dala miliyan 10 wajen isa ga al'ummomin da jam'iyyar ta yi watsi da su.

Rahoton gida biyu ne. Gida ɗaya na saƙo ne, wato abin da jam'iyya ta tsaya a kai. Ɗayan na kayan aiki ne: inganta rumbun bayanai, ajiye ma'aikata a jihohi duk shekara, rage yawan muhawarorin 'yan takara, gajarta lokacin zaɓen fid da gwani. Priebus ya aiwatar da gidan kayan aiki da ƙwazo, kuma ya ga ribarsa a 2014 da Republican ta karɓe majalisar dattawa. Gidan saƙo kuwa ya mutu a tsaye. A Yunin 2013 majalisar dattawa ta amince da ƙudirin gyaran shige da fice da ƙuri'a 68 a kan 32, har da sanatocin Republican 14, amma majalisar wakilai, wadda ke hannun jam'iyyar, ta ƙi ko kaɗa ƙuri'a a kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jam'iyyar da ta faɗi ciwonta a takarda ta kuma ƙi shan magani, ita ce Donald Trump ya tarar.

Takardar alkawari

Ranar 16 ga Yuni, 2015 Trump ya ƙaddamar da takara da jawabin da ya siffanta baƙin haure daga Meksiko da masu fyaɗe da dillalan ƙwaya. Jawabin kishiyar rahoton 2013 ne kai tsaye. Martanin Priebus shi ne kiran waya a watan Yuli, yana roƙon a sassauta harshe.

Abin da ya fi damunsa shi ne kada Trump ya fice ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa ya raba ƙuri'u. A muhawarar farko a Cleveland, ranar 6 ga Agusta, Trump kaɗai ne ya ɗaga hannu ya ƙi alkawarin goyon bayan duk wanda jam'iyya ta tsayar. Sai Priebus ya nemi magani irin na lauya. Aka rubuta takardar alkawari, ya ɗauke ta da kansa zuwa Trump Tower a New York ranar 3 ga Satumba, Trump ya sa hannu, ya ɗaga ta gaban kyamarori. Takardar ba ta da ƙarfin doka, kuma a ƙarshen Maris 2016 Trump ya ce ba ta ɗaure shi ba. Wadda ta ɗaure ita ce jam'iyya. Tunda ta tilasta wa kowa ya bi duk wanda ya ci, ta rufe wa kanta ƙofar cewa akwai ɗan takarar da ba za ta iya bi ba.

Daga nan tsarin ya zama ɗaya. A Disamban 2015 Trump ya nemi a hana duk Musulmi shiga Amurka, Priebus ya ce bai yarda da hakan ba, aka ci gaba kamar ba a yi ba. Ranar 5 ga Afrilu, 2016 Wisconsin, jiharsa, ta ƙi Trump ta zaɓi Ted Cruz. Wata ɗaya bayan haka, a daren zaɓen Indiana, Priebus ya ayyana Trump a matsayin wanda jam'iyya za ta tsayar, alhali John Kasich bai janye ba tukuna. A babban taron Cleveland a watan Yuli, wakilan da suka nemi a kaɗa ƙuri'a jiha-jiha kan ƙa'idojin taron an murƙushe su da ƙuri'ar murya. Ranar 7 ga Oktoba faifan Access Hollywood ya fito, inda aka ji Trump yana alfahari da taɓa mata ba da yardarsu ba. Priebus ya fitar da sanarwar Allah wadai. Waɗanda suka halarci zaman da aka yi washegari sun ruwaito cewa ya gaya wa Trump ya janye ko ya sha kaye mafi muni. Bayan kwana biyu ya shaida wa 'yan kwamitin jam'iyya cewa babu abin da ya canza, goyon baya na nan daram.

Goyon bayan kuwa ba na fatar baki ba ne. Ofishin kamfen na Trump ƙarami ne, ya dogara da ma'aikata da bayanan da uwar jam'iyya ta shafe shekaru tana tarawa. Trump ya ci Wisconsin da tazarar ƙuri'a kimanin 23,000, ɗan Republican na farko da ya ci jihar tun 1984. Kayan aikin da aka ƙera don isar da saƙon 2013 su suka ɗauki kishiyarsa zuwa fadar shugaban ƙasa.

Hujjojin masu kare shi

Masu kare Priebus suna da hujjoji uku, kuma babu wadda za a yi wa riƙon sakainar kashi.

Ta farko ita ce masu zaɓe ne suka zaɓi Trump, mutum kusan miliyan 14, kuma shugaban jam'iyyar da ya soke zaɓinsu ya ci amanar dimokuraɗiyya. Wannan gaskiya ne, babu mai hankalin da zai nemi a yi maguɗi a Cleveland. Sai dai Trump ya sami kimanin kashi 45 cikin ɗari na ƙuri'un fid da gwani a cikin 'yan takara 17, kuma ƙa'idojin da suka ba mai rinjaye kaɗan damar kwashe duk wakilan wasu jihohi, jam'iyya ce ta tsara su. Banda haka, mutunta zaɓin jama'a bai tilasta wa kowa ya zama direban motar ba. Tsakanin soke zaɓe da miƙa wuya akwai hanya ta uku, wato ajiye aiki tare da faɗin dalili. Sally Bradshaw, ɗaya daga cikin marubutan rahoton 2013, ta fice daga jam'iyyar a Agustan 2016 saboda Trump. Ƙofar a buɗe take.

Ta biyu ita ce rahoton 2013 ne ya yi kuskure, domin Trump ya yi watsi da shi ya kuma ci zaɓe, har ya ƙara samun ƙuri'un 'yan Latin Amurka a 2020 da 2024. A lissafin ƙuri'a wannan hujja tana da ƙarfi. Amma tana tona asirin abin da take karewa. Idan dalilin girmama baƙi da tsiraru shi ne kawai ana ganin zai kawo ƙuri'a, to daga ranar da wani ya nuna cin mutuncinsu ya fi kawowa, babu sauran abin riƙewa. Rahoton ya yi magana da harshen mutunci, halin Priebus a 2016 kuwa ya nuna a wurinsa takardar dabarun kasuwa ce.

Ta uku ita ce ya zauna ne don ya rage ɓarna daga ciki, kuma akwai shaida. Rahoton mai bincike na musamman Robert Mueller ya nuna cewa a Yulin 2017 Trump ya umarce shi ya karɓo takardar murabus daga ministan shari'a Jeff Sessions, wanda ya tsame hannunsa daga binciken katsalandan ɗin Rasha a zaɓe. Priebus ya amsa cewa zai yi, sannan ya yi ta jan ƙafa har maganar ta lafa. Wannan alheri ne, kuma ya cancanci a rubuta masa. Sai dai a dubi siffarsa. Ya ce to a gaban maigida, ya ƙi a bayan ido. Irin wannan ƙi yana iya hana ɓarna ɗaya a rana ɗaya, amma ba ya sanar da jama'a komai, ba ya kafa iyakar da wanda zai gaje kujerar zai tarar.

Kwana 189

An naɗa shi shugaban ma'aikatan fada a Nuwamban 2016, a sanarwar da ta ce shi da Steve Bannon za su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, abin da ya rage masa iko tun kafin ya shiga ofis. Mako ɗaya da rantsar da Trump, ranar 27 ga Janairu, 2017, aka sa hannu a umarnin da ya hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga Amurka: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yemen. An tsare matafiya a filayen jiragen sama, har da masu izinin zama. Mutumin da ya ce bai yarda da hana Musulmi shiga ba wata goma sha uku da suka wuce, shi aka tura gidajen talabijin ya kare umarnin, ya ce babu abin da za a ba da haƙuri a kai. Ɗaya daga cikin ƙasashen ita ce inda aka haifi mahaifiyarsa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Biyayyar ba ta cece shi ba. A zaman majalisar ministoci na 12 ga Yuni, gaban kyamarori, ya gode wa Trump bisa albarkar da ya ce an ba su ta yi wa manufofinsa hidima. A watan Yuli Trump ya naɗa Anthony Scaramucci daraktan sadarwa ba da son Priebus ba, Scaramucci ya zage shi ta uwa ta uba a wata hira da mujallar New Yorker, shugaban ƙasa bai tsawatar ba. Ranar 28 ga Yuli Trump ya sanar a Twitter cewa Janar John Kelly ne sabon shugaban ma'aikata, yana cikin jirginsa a sansanin Andrews, Priebus kuma yana zaune a mota a filin jirgin ana ruwan sama. Hadiman da ke tare da shi suka sauka suka shiga wata motar. A watan Oktoba ya koma Michael Best & Friedrich. A 2024 shi ya shugabanci kwamitin masu masaukin baƙi na babban taron Milwaukee, inda aka tsayar da Trump karo na uku.

Inda lauya ya bambanta da shugaba

Laifin ba na karatun shari'a ba ne. Ɗabi'ar lauya tana da daraja a muhallinta. Ƙa'idojin aikin lauya a Amurka sun bayyana cewa kare mutum ba ya nufin amincewa da ra'ayinsa, kuma da haka ne mai kisan kai ma yake samun mai tsaya masa. Hakan yana yiwuwa ne domin a kotu akwai lauyan ɗaya ɓangaren, akwai alƙali, akwai ɗaukaka ƙara. Lauya na iya zage damtse ya kare nasa, tunda ba shi ne zai yanke hukunci ba.

A cikin jam'iyya babu alƙalin da ke sama da shugabanninta. Idan shugaba ya ɗauki kansa lauyan duk wanda ya ci zaɓen fid da gwani, kujerar mai cewa wannan bai dace da mu ba ta zama wayam. Wani abin lura kuma, ƙa'idojin lauyoyin da kansu sun ba lauya damar janyewa idan wanda yake karewa ya nace kan abin da lauyan ke ƙyama. Ko a ma'aunin sana'arsa Priebus yana da mafita, bai dai bi ta ba.

Jam'iyya ta fi ofishin tara kuɗi. Ita ce ke tace waɗanda za su riƙe sojoji da baitulmali da alƙalamin naɗa alƙalai, tun kafin sunansu ya isa ga talaka. Wanda ya zauna a kanta ya ce shi ma'aikaci ne kawai, ya karɓi ikon ya bar alhakin. Wisconsin ta yi fiye da shekara goma da majalisar da ƙuri'a ba ta iya canzawa. Jam'iyyar Republican ta rubuta wa kanta gargaɗi a 2013, ta binne shi a 2016 da hannun wanda ya gabatar da shi.

'Yan kwamitin da ke zaɓen shugaban jam'iyya sun saba tambayar nawa zai tara, da jihohi nawa zai ci. Priebus ya amsa waɗannan fiye da yadda aka zata. Tambayar da ta fi su amfani ita ce wane abu ne in ɗan takarar jam'iyya ya aikata, shugaban zai ajiye maɓallan ofis ya fita. Daga jawabin Yunin 2015 zuwa faifan Oktoban 2016 zuwa umarnin Janairun 2017, lokuta sun yi ta jefa wa Reince Priebus wannan tambaya, kuma kowane karo washegari a ofis aka same shi.